Gwajin PCR ko na gaggawa: wanne ya dace da Bakatsinen da zai hau jirgin ruwan shaƙatawa?

A 'yan shekarun nan an fara samun mutanenmu da in sun gama Umara ba sa juyowa gida kai tsaye. Sai su gangara Jidda su hau irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, su yi kwana uku ko mako guda a Bahar Maliya, jirgin yana yada zango a Sharm el-Sheikh ta Masar ko Aƙaba ta Jodan. Wasu kuma 'yan kasuwa ne masu zuwa Dubai, lokacin sanyi sukan ƙara da zagayen Abu Dabi da Doha da Maskat. Tun da kamfanin Saudiyya mai suna Aroya ya fara jigila daga Jidda a Disambar 2024, da jirgin da babu giya cikinsa kuma aka tanadi wurin salla, har gidajen da a da ba sa ko kallon abin sun fara tambayar ejan nawa ne. In an gama maganar kuɗi, tambaya ta gaba ita ce: to, har yanzu ana neman gwajin korona kafin a shiga?

A mafi yawan jirage, yau ba a nema. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta rufe shirinta na sa ido kan waɗannan jirage a Yulin 2022, manyan kamfanoni suka bi sahu suna janye sharaɗin, Nijeriya ta soke nata gwajin na matafiya a Disambar 2022, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin gaggawa ya ƙare ranar 5 ga Mayun 2023. Sai dai tikitin jirgin ruwa watanni kafin tafiya ake sayensa, kuma cikin ƙananan rubutun da babu mai karantawa kamfani yana riƙe wa kansa ikon canza sharaɗin lafiya duk ranar da ya ga dama. Ƙasar da za a tsaya ma tana da nata ikon. Wanda bai manta Disambar 2021 ba ya san yadda abin ke faɗowa: nau'in korona mai suna Omicron na ɓulla, cikin 'yan kwanaki Birtaniya ta sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa, Saudiyya ta dakatar da jiragen sama daga nan, mutane da biza a hannu suka zauna a gida. Saboda haka wanda zai zuba miliyoyi gara ya san yadda zaɓin yake tun kafin a sa shi a gaba.

Masu jirgin ruwa suna da dalilin da ya sa suka fi kowa tsauri. A Fabrairun 2020 aka killace jirgin Diamond Princess a tashar Yokohama ta Japan da mutum 3,711 a ciki, fiye da 700 suka kamu. Mutane dubbai ne a gida ɗaya, cin abinci wuri ɗaya, hawa da sauka a lifta ɗaya, babu inda za a gudu. Wata biyu bayan haka cutar ta iso mana Jihar Katsina, ta fara da wani likita a Daura, aka rufe garin a Afrilu. Ba labarin nesa ba ne.

Gwaji iri biyu aka riƙa karɓa a bakin jirgi, kuma su ne za a koma wa in an sake buƙata. Duka biyun da tsinken auduga ake ɗibar majina daga cikin hanci, wani lokaci har da maƙogwaro. Daga nan hanya ta rabu.

Na PCR, ɗakin gwaje-gwaje ake kai samfurin. Na'ura ce ke neman ƙwayar halittar cutar, tana ninka ɗan abin da ta samu sau da yawa har ya kai yadda za a gane shi. Shi ya sa ko cutar ba ta daɗe da shiga jiki ba, ko ta kusa fita, yakan kama ta. Aikin na'urar kansa 'yan sa'o'i ne, amma a haɗa da jiran a tara samfura, da kai su, da buga takarda, sai ka ga kwana ɗaya ko biyu sun tafi. Na gaggawa kuwa, wato antijin, ɗan allon roba ne irin wanda muka sani na gwajin maleriya a kemis: a ɗiga ruwan samfurin, a jira minti 15 zuwa 30, layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Shi furotin ɗin jikin ƙwayar cutar yake nema, kuma ba ya ninka komai, abin da ke nan shi yake gani. In ƙwayoyin na da yawa a hanci, wato lokacin da mutum ya fi yaɗawa, yana kamawa sosai. In kaɗan ne, yakan wuce su. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya masa shi ne ya gano aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu ɗauke da cutar, kuma ya wanke aƙalla kashi 97 na marasa ita.

Da a asibiti ake wannan magana, da an gama: PCR ya fi. Amma mai tsaron ƙofar jirgi ba likita ba ne. Abu uku yake dubawa a takardarka, irin gwajin, da sunanka, da lokacin da aka ɗebi samfurin. A kan na ukun nan ne mutumin Katsina ke shiga matsalar da Bature mai zama awa biyu da tasha bai san da ita ba.

Kowane sakamako yana da wa'adi, kuma lissafin daga sa'ar da tsinke ya shiga hancinka yake farawa, ba daga sa'ar da takarda ta fito ba. A lokacin annoba an fi ba PCR awa 72. Na gaggawa awa 48 Tarayyar Turai ta fara ba shi, daga baya ta rage zuwa 24. Jiragen ruwan da ke tashi daga Amurka kuma, daga Satumbar 2021, kwana biyu suka ba wanda ya yi rigakafi, ko wane iri ya yi. Kwana biyu da awa 48 ba ɗaya ba ne, ko da yake a baki kamar ɗaya suke. In aka ce kwana biyu kuma jirgi Asabar zai tashi, gwajin Alhamis ya yi, ko da asuba aka yi shi. In aka ce awa 48, agogo ake kallo.

A ɗauki mutumin Daura da jirginsa zai tashi daga Jidda ranar Asabar, an ba shi ƙarfe ɗaya na rana ya shiga. Jirginsa na sama daga Kano yake, daren Alhamis. Zai bar gida Alhamis da safe, ya bi ta Kazaure, ya isa Kano da sauran rana. Da yake yana son takarda a aljihu kafin ya kama hanya, sai ya shigo Katsina Laraba da safe, ƙarfe tara aka ɗebi samfurinsa na PCR. A ganinsa ya yi dabara. To, awa 72 kafin ƙarfe ɗayan Asabar a Jidda ita ce ƙarfe ɗayan Laraba a can, kuma Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, wato sha ɗayan safe a Katsina. Takardarsa ta mutu da awa biyu tun bai ɗaure kaya ba. Da Dubai ce, tazarar awa uku ce. Mu da aka raina da cewa da sanyin safiya ake kama fara, a nan sammakon ne ke ja wa mutum asara. In kuma ya ce bari ya jinkirta zuwa Alhamis a Kano, sai ya hau jirgin sama bai san sakamako ba, yana ta leƙa imel a filin jirgi da intanet ɗin da ba ya ja.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar wane gwaji ya fi ba ita ce ta farko ba. Ta farko ita ce a ina za a yi shi. Wuri uku ne: gida kafin a tashi, birnin da tashar take, ko bakin jirgin kansa.

Gwajin gida amfaninsa ɗaya ne, amma babba: in akwai matsala, ka san ta kana ɗakinka. Ka sha magani, ka kira ejan, ka nemi a ɗaga tikitin sama, ba ka biya otal da riyal ba. Illarsa ita ce wa'adin da muka lissafa, da kuma cewa ba kowane ɗakin gwaji ake yarda da takardarsa ba. Lokacin annoba sai wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, NCDC, ta amince da shi, kuma masu yi wa matafiya sun fi yawa a Abuja da Legas da Kano. Kuɗin ma ba wasa ba ne, a Legas an san shi naira 50,400 kan mutum ɗaya, a lokacin da naira ke da sauran daraja. Mai tafiya da Hajiya da yara uku ya lissafa. Ga mai Umara kuwa, gwajin gida bai ma shigo lissafi ba. Ya yi kwana goma ko fiye tsakanin Makka da Madina, cikin cunkoson ɗawafi, wataƙila har ya kwaso tarin nan da alhazai ke dawowa da shi. Takardar Katsina ba ta da abin faɗa game da jikinsa a ranar.

Gwaji a birnin tasha shi ne ya fi dacewa da mai zuwa daga nesa, da sharaɗin ya isa da kwana ɗaya aƙalla kafin tashi, wanda dama ko babu gwaji haka ya kamata, domin jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara. A nan ne na gaggawa ke nuna amfaninsa. Ka sauka, ka huta, ka je asibiti ko babban kantin magani da ke da izini, cikin awa ɗaya takarda na hannunka, wa'adinta sabo. PCR a nan yana da haɗarin jinkiri, sai in za ka biya na sauri, wanda kuɗinsa ya fi. A kuma kula da ranaku. A Saudiyya Juma'a da Asabar ne hutu, ba kowane wuri ne zai buɗe da safiyar Juma'a ba. Daular Larabawa, inda Dubai take, ta mayar da nata hutun Asabar da Lahadi tun Janairun 2022, Juma'a rabin yini. Wanda ya bar gwajinsa sai Juma'a ya tambayi otal tun kafin ya iso ina ne ke buɗe.

Na bakin jirgi shi ne mafi sauƙi kuma mafi ɗaci in ya juya. Da shi kamfanin MSC ya dawo aiki a Agustan 2020, lokacin da jirginsa Grandiosa ya tashi daga Jenowa ta Italiya: kowa a yi masa na gaggawa a tasha, wanda ya nuna alama a sake tabbatarwa da na ɗakin gwaji. Babu zancen wa'adi, babu zancen ba a yarda da takardarka ba. Amma in layi biyu ya fito, kana tsaye ne da akwatuna a ƙasar mutane, kuɗin jirgin sama sun tafi, ɗakin otal ka riga ka sallama. Kuma a tsarin wancan lokacin ba kai kaɗai ake hanawa ba, har waɗanda kuka zo tare. Jika ɗaya mai mura kan iya zaunar da gida guda. Ban ga hikimar mutum ya taso tun daga Katsina ya bar wannan ya zama gwajinsa na farko ba.

Akwai wanda PCR ke iya zalunta, kuma ba a cika faɗa ba: wanda ya yi cutar kwanan baya ya warke. Ragowar matattun ƙwayoyi kan zauna a hanci, na'urar kuma ba ta bambance mai rai da matacce, ninkawa kawai take yi. Sai mutum yana garau, ba ya yaɗa komai, takarda ta ce yana da ita, har zuwa wata uku bayan ya tashi. Na gaggawa yawanci yakan koma babu da zarar jiki ya murmure. Shi ya sa aka ƙirƙiro takardar shaidar warkewa, wadda Turai ta ba wa'adin kwana 180, wasu kamfanoni kuma 90. Matsalarmu a nan ita ce takardar tana buƙatar tsohon sakamakon da ya nuna ka kamu, mu kuwa nawa ne cikinmu suka je gwaji? Zazzaɓi da tari, a sha na maleriya da citta da kanumfari, a miƙe. Wanda ya san ya yi mura mai nauyi cikin wata biyu da suka wuce, kuma kamfani ya ba shi zaɓi, na gaggawa ya fi masa. Wannan ba hanyar ɓoye ciwo ba ce. Wanda ke cikin zazzaɓi da tari yanzu, musamman in zai kwana ɗaki ɗaya da tsohuwa mai hawan jini ko ciwon suga, PCR ya kamata ya nema ko ba a tambaye shi ba, domin a nan gaskiyar jikin ake so, ba takardar wucewa ba.

Allon da ake saya a yi da kai a gida fa? Kamfanoni ba su karɓi wanda mutum ya yi shi kaɗai a ɗaki ba, tun da babu mai shaidar hancin wa aka taɓa, ko yaushe. Wasu sun karɓi wanda aka yi a gaban ma'aikaci ta bidiyo, amma wannan tsari ne da aka gina don mazauna Amurka da Turai. Gwajin jini mai nuna ko ka taɓa kamuwa shi ma ba a karɓa. Duk da haka allon gida yana da wurinsa, zan dawo kansa.

Ita kanta takardar, a tsaya a karanta ta kafin a bar wurin. Na fi jin tsoron sunayenmu fiye da ƙwayar cutar. Dattijo ya zauna, yarinyar da ke rubutu ta ce, "Baba, sunanka?" Ya faɗi wanda aka san shi da shi a Ƙofar Ƙaura, har da Alhaji a gaba. Ita kuma ta rubuta Muhammad, alhali a fasfo Mohammed ne, ko Muhammadu, sunan mahaifi ya koma farko, sunan garin da ke ƙarshe ya ɓace. A gida babu wanda zai ce uffan. A tasha kuwa ma'aikaciya 'yar Filifin ce ko ɗan Indiya, fasfo a hannun dama, takarda a hagu, harafi da harafi. Ɗan da ya raka mahaifinsa abin da zai ce kawai shi ne, "Baba, kawo fasfon a kwafa daga ciki," a sa lambar fasfo da ranar haihuwa yadda suke. A duba an rubuta irin gwajin, da rana da sa'ar ɗibar samfur, da sunan wurin, cikin Turanci. In kamfanin na Amurka ne, a roƙi a rubuta wata da haruffa, domin 3/4 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wurinsu huɗu ga Maris. A buga a takarda, kada a dogara da waya. Masu cewa kawo kuɗi a haɗa maka sakamako ba tare da an taɓa hancinka ba, an yi su da yawa lokacin annoba, kuma lambar QR da ake haskawa a tasha domin su aka yi ta.

Kuɗin gwaji, ko wanne ne, ƙarami ne in aka gwada da abin da ake iya rasawa. Abin tambaya tun ranar biyan tikiti shi ne: in an hana ni shiga saboda sakamako, me za a mayar mini? Da yawa daga cikin kamfanonin ba tsabar kuɗi suka riƙa mayarwa ba, sai takardar damar wata tafiyar nan gaba. Ga mutumin Landan wannan ba laifi. Ga namu, kafin lokacin biza ta ƙare, tikitin sama sabo za a saya, dala kuma ta motsa. Inshorar tafiya da ta ambaci hana shiga saboda rashin lafiya da kuɗin killacewa a otal ita ce ke toshe wannan, kuma a nemi ejan ya nuna layin a rubuce. (Tun da ana gabansa, a tambaye shi ko bizar tana ba da damar a fita Saudiyya a sake shigowa, domin jirgin da ya je Masar ya dawo Jidda fita ce da shiga.)

Ga yadda zan yi in an dawo da sharaɗin. In takardar kamfani ta ce PCR kawai, ko ƙasar da zan sauka ta nemi shi kafin in hau jirgin sama, babu zaɓi: in yi shi a Kano ko Abuja a makare iya yadda wa'adi ya bari, in lissafa da agogon can, in kuma ware kuɗin sake yi a birnin tasha. In ta ce ko wanne, na gaggawa zan yi a birnin tasha, jajibirin tashi, a wurin da ke ba da takarda mai hatimi. A duka biyun, kafin in bar Katsina zan sa kowa a gidan ya yi na allo, ba don nuna wa kowa ba, don in akwai mai ɗauke da ita mu sani tun ba mu kai Kano ba. Mai Umara kuma ya yi nasa allon a masauki a Makka kwana biyu kafin ya gangara Jidda.

Ko a yau da ba a neman gwaji, jirage da yawa na ba da takardar tambayoyin lafiya kafin shiga: zazzaɓi, tari, amai, gudawa. Wanda ya amsa e, likitan jirgi ne zai duba shi, kuma yana iya cewa a'a. Zazzaɓinmu na damina bai san korona ba, amma ma'aunin zafi ba ya tambayar dalili. Wanda ya ji jikinsa ba daidai ba mako guda kafin tafiya ya je a gwada maleriya, ya gama maganin, ya riƙe takardar likita.

Takardar da ta fi saurin mayar da ɗan Nijeriya baya kuwa ta girmi korona nesa ba kusa ba, ita ce katin rigakafin shawara, mai launin ɗorawa, wanda ofishin lafiya na tashoshin shiga da fita ke bayarwa. Masar na nema daga matafiyan Nijeriya, Afirka ta Kudu ma haka ga masu son jiragen da ke tashi daga birnin Durban zuwa Mozambik. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa tun gyaran da aka yi wa dokar a 2016, amma ga mai yin ta karon farko katin ba ya fara aiki sai bayan kwana goma. Ta sanƙarau da Saudiyya ke nema wa masu Umara ita ma kwana goma kafin isa ake so a yi ta.